Wayar Dish da Ke Kwance a Bango: Yadda Za Ta Kai Intanet Ɗaki-Ɗaki



Shugaban wannan zama, malamaina da ke wurin nan, ɗalibai, da 'yan uwana masu sana'ar ɗaura dish da jan waya a gidaje. An ba ni lokaci in yi magana a kan wata waya da kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa riƙewa: farar wayar nan ko baƙa, mai kaurin fensir, da ke saukowa daga dish ko eriya ta shiga bayan talabijin. A littattafan injiniyoyi sunanta koksiyal. Abin da nake so mu duba shi ne ko wannan waya, wadda a gidaje da yawa take kwance ba ta aikin komai, za ta iya ɗaukar intanet daga wani ɗaki zuwa wani. Za ta iya. Amma akwai sharaɗi, kuma a kan sharaɗin ne mutanenmu ke asarar kuɗi, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Bari mu fara da damuwar da ke kawo maigida wurinku. Intanet yana shigowa gida ta ƙofa ɗaya: rauta mai ɗauke da sim na 4G ko 5G da aka ajiye kusa da taga, ko wayar faiba a unguwannin da ta isa, ko Starlink wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. A falon da rautar take, komai lafiya. Da zarar an shiga sashen uwargida ko an hau bene, sai hoto ya riƙa tsayawa yana juyi. Maigida ya ɗauka laifin kamfani ne, ya canza sim, ya ƙara kuɗin data, abin bai sauya ba. Laifin na ginin ne. Mu da bulo da siminti muke gini, mu zuba dekin da rodi a ciki, mu sa ƙofofi da tagogin ƙarfe, wani gidan ma tsakar gida ce ta raba sassan. Wi-Fi kuwa rediyo ne mai ƙaramin ƙarfi. Zangonsa na gigahaz 2.4 yana ɗan ratsa bango, amma ya cika da cunkoso, domin tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11, kuma duk makwabta a kansu suke. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri da sarari, sai dai bango biyu na bulo sun isa su karya shi.

Abu na farko da ake sayar wa maigida shi ne na'urar ƙara zangon Wi-Fi. Ita wannan, idan rediyo ɗaya gare ta, da shi take saurare kuma da shi take maimaitawa, saboda haka kusan rabin saurin ya tafi tun kafin a je ko'ina. Kuma abin da ta ji da rauni, da raunin za ta miƙa shi. Na biyu shi ne adaftar da ke tura intanet ta wayar lantarkin gida. A ƙasashen da wuta ke tsaye tana taimakawa. A wurinmu gida ɗaya yana da layin NEPA, da na janareta, da na inbata, ana ta canjawa daga wannan zuwa wancan, wani soket yana kan wannan layi wani yana kan wancan, ga hayaniyar da inbata da cajar waya ke zubawa a layin. Ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita. Abin da ya rage shi ne waya ta gaskiya tsakanin ɗakunan, kuma nan maigida ke ja da baya, don ba ya son a fasa masa filasta da tayil, ko a bi masa bango da waya a fili.

To ga waya nan a cikin bangon tun tuni. Ku yanka ta ku duba. A tsakiya akwai silin ƙarfe guda ɗaya. Farar roba mai kama da kumfa ta kewaye shi, sai ledar alminiyam, sai saƙar siraran wayoyi, sai rigar waje. Sigina yana tafiya ne a tsakanin silin tsakiya da wannan garkuwa da ta lulluɓe shi, don haka ba ya zuba waje, hayaniyar waje kuma ba ta shiga ciki. Wannan tsari shi ne duk sirrinta. Oliver Heaviside ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1880. Injiniyoyi biyu na kamfanin tarho na Amurka, Lloyd Espenschied da Herman Affel, suka fito da irin ta zamani a 1929. A 1956, da aka shimfiɗa wayar tarho ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, mai suna TAT-1, daga Sukotlan zuwa Newfoundland ta Kanada, irin wannan waya ce, kuma kira 36 take ɗauka a lokaci guda.

Ɗalibai, ga abin da da yawanku ba ku tarar ba. Hanyar haɗa kwamfutoci da waya da muke kira Ethernet, a kan koksiyal aka haife ta. Robert Metcalfe da David Boggs sun gina ta a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto daga 1973, tana gudun ƙasa da megabit 3 a daƙiƙa. A shekarun 1980 ofisoshi sun yi amfani da mai kauri da ke kai mita 500, da siririya da ke kai mita 185, dukansu a megabit 10. Sai a 1990 aka tsayar da ƙa'idar wayar nan mai murɗaɗɗun silli da muke matsa wa kai a yau, wadda jikokinta su ne Cat5e da Cat6. Ba don koksiyal ta gaza ɗaukar kaya aka bar ta ba; an bar ta ne don a tsohon tsarin duk kwamfutocin a kan igiya ɗaya suke, wuri ɗaya ya kwance kowa ya tsaya. Ku lura kuma, ta kwamfutocin da om 50 ce, ta talabijin om 75 ce. Ba a haɗa su.

Yanzu mu je Amurka, domin can ne abin da za mu yi magana a kansa ya samo asali, kuma sanin haka zai hana mu kwafar abin da bai dace da mu ba. Tun ƙarshen shekarun 1940, a garuruwan da duwatsu suka tare wa sigina a jihohi irin su Pennsylvania da Oregon, aka fara kafa eriya ɗaya a kan tudu ana jawo waya gida-gida. Daga nan talabijin ta kebul ta mamaye ƙasar, har ya zama ana gina gida da soket ɗin koksiyal a falo da ɗakunan kwana, duk wayoyin suna haɗuwa a wuri guda. Da zamani ya zo na naɗar shiri a wani ɗaki a kalle shi a wani, kamfanoni suka ga Wi-Fi na lokacin ba zai ɗauki bidiyo ba tare da yankewa ba, kuma aika ma'aikaci ya ja sabuwar waya a miliyoyin gidaje kuɗi ne mai yawa. A 2004 suka kafa ƙungiyar da ake taƙaita sunanta da MoCA, don tsara yadda za a tura bayanan kwamfuta ta wayar talabijin ɗin da ke gidan. Wani kamfani a San Diego mai suna Entropic ne ya yi fice wajen ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin, kafin MaxLinear ya saye shi a 2015. Kamfanin Verizon ya dogara da wannan hanya a gidajen da ya kai wa faiba. Tsarin 1.1 na 2007 yana ba da megabit 175. Na 2.0 da ya fito a 2010 ya kai gigabit 1 idan an haɗa tashoshi biyu. Na 2.5 na 2016 ya kai gigabit 2.5, ta hanyar haɗa tashoshi biyar masu faɗin megahaz 100 kowacce.

A aikace abin ba shi da wuya. Ƙananan akwatuna biyu ne. Kowanne yana da bakin koksiyal, da bakin wayar Ethernet, da na wuta. Ɗaya yana zama kusa da rauta, ɗayan a ɗakin da ake bukata, wayar bango ta haɗa su. A ɗaya ƙarshen kana iya sa talabijin kai tsaye, ko kwamfuta, ko kuma, wanda na fi so, ka sa wata na'urar Wi-Fi ta biyu, sashen gaba ɗaya ya samu sigina sabo fil daga tushe. Na'urori har 16 suna iya zama a kan layi ɗaya, suna raba saurin a tsakaninsu.

Abin da ya sa bidiyo ke jin daɗin wannan hanya ya wuce yawan megabit. Wi-Fi kamar taro ne da ba shi da shugaba: kowa yana kasa kunne, in ya ji shiru ya yi wuf ya fara magana, in biyu suka fara tare duka su yi shiru su sake jira. MoCA taro ne mai shugaba: ɗaya daga cikin akwatunan ne ke riƙe da jadawali, yana ba kowa lokacinsa, ba mai katse wani. Saboda haka jinkirin da take ƙarawa 'yan milisakan ne, ƙasa da biyar a galibi, kuma ba ya hawa da sauka. Mai kallon ƙwallo kai tsaye, da mai karatu ta bidiyo da malaminsa, da mai kiran 'yarsa da ke aure a wata ƙasa, wannan daidaiton suke bukata.

Mun zo kan sharaɗin. Ina roƙon masu ɗaura dish su ba ni hankalinsu a nan. Waya ɗaya tana ɗaukar sigina iri-iri a lokaci guda muddin kowanne yana zangonsa, kamar yadda gidajen rediyon FM ke zaune tsakanin megahaz 88 da 108 ba tare da sun shiga juna ba. A Amurka talabijin da intanet na kebul sun saba tsayawa a wajen megahaz 1000, don haka aka ɗora MoCA a sama da su, daga 1125 zuwa 1675. Yawancin adaftocin da za ku gani a kasuwar intanet a wannan zango suke. Su kansu Amurkawan sun fara samun gogayya, domin tsarin intanet na kebul mai suna DOCSIS 3.1 yana hawa har 1218. Wannan matsalarsu ce. Tamu ta fi girma. Mu ba kebul ne ya shigo mana da wayar ba, dish ne. Tauraron ɗan Adam yana turo sigina tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, kan dish ɗin da kuke kira LNB ya sauko da shi zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150, sannan ya zubo shi a waya. Ku ɗora lambobin nan a kan juna: 1125 zuwa 1675 yana tsakiyar 950 zuwa 2150 daram. Wanda ya sa adaftar MoCA irin ta gama-gari a wayar da dish ke aiki a kanta, ya kashe tashoshinsa, intanet ɗin ma ba zai yi kirki ba. Ƙari a kan haka, risiba tana tura wuta ta wannan waya zuwa LNB, bolt 13 ko 18, tare da wani sauti na kilohaz 22 da take zaɓar zango da shi. Duk abin da za ka saka a tsakani dole ka san ko yana barin wannan wuta ta wuce, kuma ko yana jure ta.

Bidiyon da matasanmu ke kallo suna koyon aiki, mafi yawansu a gidajen kebul na Amurka aka ɗauke su, kuma mai bayanin ba shi da dalilin ambaton dish. Yaro ya kalla, ya sa maigida ya yi odar kaya da dala, a zo a haɗa, Arewa24 ta ɗauke, a ce kayan jabu ne. Kayan lafiyarsu lau. Ba a tambayi abin da ke bin wayar ba kafin a ɗora mata wani.

Idan eriya ce ta gama-gari, irin wadda ake kama GOtv ko StarTimes ta ƙasa da ita, labarin daban ne. Talabijin ta dijital ta ƙasa, wadda Najeriya ta ƙaddamar da sauyawa zuwa gare ta a Jos a 2016, tana zangon UHF ne, daga megahaz 470 zuwa ƙasa da 900. MoCA tana sama da nan, don haka suna zama lafiya a waya ɗaya. Sai dai wajibi ne a ɗaura ƙaramar filta ta MoCA a inda wayar eriya ta shigo, kafin ta rabu. Filtar tana barin talabijin ta shigo, tana hana siginar intanet ɗinka hawa eriya ta watsu a iska, kuma tana maido da ita cikin gida, wanda ke ƙara mata ƙarfi. Haka ma a otal ko rukunin gidajen da waya ɗaya ta ratsa ɗakuna da yawa: in ba filta, kuma ba a sa kalmar sirri a adaftocin ba, na makwabci yana iya haɗuwa da naka.

Amma dama mafi girma a gidajenmu tana wurin matattun wayoyi, kuma suna da yawa. An ɗaura dish don Nilesat ko Arabsat shekarun baya, an bar shi. An ja wa kowace mata layinta, yanzu yara YouTube suke kallo, Labarina da Izzar So duk a can suke, risiba ta yi ƙura. Ga wayar da aka ja tsakanin dikoda biyu don su riƙa jin juna. Ku yi tunanin gida mai wayoyi biyu, ɗaya daga falon maigida zuwa rufi, ɗaya daga sashen iyali zuwa rufin. Ka hau, ka kwance su duka daga LNB, ka haɗa bakunansu da ɗan ƙaramin mahaɗin nan mai zare ta kowane gefe, ka naɗe shi da tef mai hana ruwa. Shi ke nan, ka samu waya guda daga falo zuwa sashen iyali, ba ka taɓa bango ba. Babu dish a kai, babu eriya, babu hanyar fita waje, saboda haka ba ka bukatar filta, kuma duk faɗin wayar naka ne. Wani abin farin ciki kuma, wayar RG-6 da aka yi don dish an yi ta ne ta ɗauki har megahaz 2150, ta wuce abin da MoCA ke nema. A wannan fuskar wayar gidajenmu ta fi ta tsofaffin gidaje da yawa a Amurka, inda har yanzu ake tarar da siririyar RG-59.

In kuma dish ɗin yana aiki, iyali ba za su rabu da shi ba, kuma wayar ɗaya ce tilo, sai a nemi na'urar da ke bi ta ƙasan 950. Akwai MoCA ta zangon megahaz 400 zuwa 700, irin wadda kamfanin DirecTV ya yi amfani da ita a gidajen masu dish a Amurka, ko da yake samun ta a kasuwa ba sauƙi. Akwai kuma G.hn, ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta amince da ita a 2009, wadda nau'inta na koksiyal da aka fi sayarwa yake aiki a ƙasa da megahaz 200. Ana haɗa ta da dish ta hanyar difleksa, wato na'urar nan mai baki uku da kuka saba haɗa eriya da dish da ita a waya ɗaya: dish ta bakin SAT, adafta ta bakin TV, a kowane ƙarshe. Ku karanta lambobin da ke jikin difleksar. Wasu bakin TV ɗinsu daga megahaz 5 yake farawa, wasu daga 47. Na biyun zai yanke wa G.hn wani yanki na hanyarta. Kuma MoCA da G.hn ba sa jin yaren juna, dole akwatunan biyu su zama iri ɗaya.

Sauran abin da ke kawo cikas duk a hannun mai aiki yake. Kowace siflita mai baki biyu tana cin kusan desibel 3.5, wato fiye da rabin ƙarfin sigina a kowane baki. Mai baki huɗu tana cin wajen 7. Ita kanta RG-6 tana cin kusan desibel 20 a kowace mita 100 a zangon megahaz 1000, kuma asarar tana ƙaruwa in aka ƙara hawa. MoCA tana da juriya sosai, amma juriyar tana da iyaka. Siflitar da aka rubuta wa 5 zuwa 1000 ba don wannan aiki aka yi ta ba. A nemi wadda ta kai 1675, kuma in akwai wadda aka yi musamman don MoCA ita ta fi, domin tana barin sigina ya tsallaka daga wannan baki zuwa wancan. Kada a sa mai baki takwas inda biyu ake bukata. Bakin da ba a amfani da shi a toshe shi da murfin om 75. Busta kuma, wadda ake sa wa eriya, hanya ɗaya take turawa, intanet kuwa zuwa da dawowa ne. In tana tsakanin adaftocin biyu za ta tare hanya.

Sai haɗi. Ina faɗin wannan da girmamawa, don na san yawancinku a wurin aiki kuka koya kuma kayan kirki suna da tsada. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif yana iya fitar da hoto a talabijin, amma a wurin an yaga garkuwar, sigina yana dawowa baya, hayaniya tana shiga. Silin saƙa guda ɗaya da ya taɓa na tsakiya ya isa ya kashe layin ɗungurum. Kan waya irin na matsewa da filaya ta musamman ya fi na murɗawa nesa ba kusa ba, musamman a waje. Ruwan damina in ya shiga ta bakin da ba a rufe ba, yana bin saƙar ya yi nisa a ciki. In ka fere waya ka ga saƙar ta yi baƙi ko ta zama gari, yanke har sai ka kai wuri mai haske, in babu kuma ka haƙura da ita. Rana ma tana busar da rigar wayar da ta shekara da shekaru a kan kwano har ta tsattsage. Game da silin tsakiya, da yawa a kasuwa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa tagulla, maganaɗisu zai nuna maka. Wannan bai hana shi aikinmu ba, domin sigina mai babban zango a fatar waya yake gudu, inda tagullar take. Abin dubawa shi ne kaurin saƙa da ledar da ke ƙarƙashinta.

Kafin a sayi komai, a yi gwaji biyu. A tabbatar wayar da ke wannan ɗaki ita ce ke fita a wancan wuri: a cire ta daga kowace na'ura, a haɗe tsakiya da saƙa a ƙarshe ɗaya, a auna da mita a ɗayan. Sannan a tsaya kusa da rauta a auna saurin da ke shigowa gidan. Idan megabit 4 ne ke shigowa, megabit 4 ne zai isa ɗaki ko da an sa adaftar gigabit 2.5. Wayar cikin gida ba ta gyara abin da ya lalace tun daga waje, kuma amana ce ku gaya wa mai gida haka kafin ya fitar da kuɗinsa.

Nawa ne ma bidiyo ke bukata? Netflix yana ba da shawarar megabit 5 don hoto mai tsabta na 1080, da 15 don 4K. YouTube yana cewa 20 don 4K. Bakin Ethernet na yawancin talabijin masu intanet megabit 100 ne, kuma ya wadatar. Ke nan gidan da mutum huɗu ke kallo a lokaci guda bai kai ga cinye ko da tsohon tsarin MoCA ba. Kada a tura mutum ga mafi tsada don lambar da ke jikin kwali. Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa iyali tun ranar farko. Manhajojin kallo suna ɗaga tsabtar hoto da kansu da zarar sun ga hanya ta buɗe. Megabit 5 a daƙiƙa, in ka lissafa, ya haura gigabait 2 a awa ɗaya, 4K kuma yana iya kai wa 7. Gidan da ke sayen data da awo zai ga ta ƙare da wuri bayan an gyara layin, a dawo ana zargin mai aiki. Ku shiga saitin manhajar ku rage tsabtar zuwa abin da aljihun gidan zai ɗauka, ku nuna wa wani babba a gidan yadda ake yi. A watan azumi, lokacin da ake bin tafsiri kai tsaye kullum, wannan ƙaramin saiti yana da tasiri a kuɗin cefane.

Duk da son da nake wa wannan dabara, akwai inda ba zan ba da shawararta ba. Adaftocin daga waje ake shigo da su, biyu ake saya, kowanne yana son soket da wutarsa, kuma in wuta ta ɗauke a ɗaya ɗakin layin ya mutu; sai an tabbatar duka suna kan inbata, an kuma duba cajarsu tana karɓar bolt 230. Wayar Cat6 kuwa tana ko'ina a kasuwanninmu, ba ta cin wuta, tana kai gigabit har mita 100. Saboda haka in tsohuwar wayar a cikin fayif take kuma tana motsi in an ja ta, mafi alheri shi ne a ɗaura mata Cat6 a baki, a jawo ta ta fito, sabuwar ta bi sawunta. In ana iya bi ta cikin silin, a bi. MoCA da G.hn na wurin da aka binne waya a siminti ne, ko gidan haya da ba a yarda a huda ba, ko bene da aka gama ƙawata shi. Haka masu tsofaffin kyamarorin tsaro da aka ja musu RG-59: akwai adaftocin da ke ɗora sababbin kyamarori a kan wayar da ke nan.

Sai batun tsawa, wanda ba na so a ɗauke shi da wasa. Wayar da ta hau rufi, ko ta ratsa tsakar gida daga wannan gini zuwa wancan, ƙarfe ce a sarari. Ba sai aradu ta faɗo a kanta ba. Faɗuwarta a kusa ya isa ya tura wuta mai ƙarfi cikin wayar, ta bi ta ƙone adafta da rauta da talabijin, ta kuma iya taɓa wanda ke riƙe da su. A da risiba ɗaya ce a ƙarshen wayar, yanzu kayan gidan gaba ɗaya ne. A sa mahaɗin da ake ɗaura wa wayar ƙasa a inda koksiyal ta shigo gini, a haɗa shi da sandar da aka kafa a ƙasa ta wutar gidan. Mahaɗin da muka ce a yi a rufi, in zai yiwu a jawo bakunan biyu cikin silin a haɗa su a can, ya fi aminci kuma ya fi daɗewa. Tsakanin gini biyu masu nisa, musamman in kowanne da layin wutarsa, faiba ce daidai, domin gilashi ba ya ɗaukar wuta. Kuma kada kowa ya hau rufi in hadari ya haɗo.

Ga masu sabon gini da ke cikinmu, da magina da masu wayarin da za su yi musu aiki: kafin a yi filasta, a sa fayif mai faɗi daga kowane ɗaki zuwa wuri guda, a ja Cat6 da RG-6 tare, a bar igiyar ja a ciki, a rubuta sunan ɗaki a bakin kowace waya. Kuɗin wannan a lokacin gini kaɗan ne in aka gwada da na fasa bango daga baya.

Na ga an ajiye mana guntayen waya da siflita da difleksa a teburin baya. Bayan tambayoyi, ina so kowane ɗalibi ya ɗauki siflita ɗaya ya karanta mini lambobin da ke jikinta, ya gaya mini ko za ta yi aiki da dish, ko da eriya, ko da MoCA.